Wayar da Armien Bai Ƙarasa Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muke komawa. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Armien Fakier ya yanke jiki ya faɗi a bakin garejinsa da ke Grassy Park, bai sake tashi ba. Shekararsa hamsin da takwas. Kafin la'asar ta yi sanyi an kai shi makwancinsa. Ni ban samu jana'izar ba. Ina can bakin kogi kusa da Velddrif, tafiyar awa biyu da rabi, kuma ba ni da wanda zan bar wa matata.

Sunana Toyer Slamang, masunci, ɗan shekara saba'in da tara. Ban taɓa zama a aji ba. Ni nake faɗa, matata Galiema take rubutawa, tana ajiye alƙalami duk lokacin da numfashi ya yi mata gardama. Na ce mata ko kalma ɗaya kada ta gyara, har da wuraren da ban fito da kyau ba.

Armien, da abin kunya zan fara. Da matarka Waseela ta kira ni ta faɗa mini, na yi salati, na zauna a kan matakalar motarmu. Amma abin da ya fara faɗo mini a zuciya ba kai ba ne. Wayar lantarki ce. Jar wayar nan mai kauri da ka bari a ƙarƙashin gadonmu, ka naɗe bakinta da baƙar roba, ka ce za ka dawo ranar Asabar ka haɗa ta. Na kalli arewa maso yamma, inda ruwan sama yake fito mana, na ce a raina: damina ta ƙarato, wa zai haɗa? Allah Ya yafe mini. Sai bayan haka na yi maka kuka.

Na san ka tun ba ka san kanka ba. An haife ka a Simon's Town, a gida na huɗu daga masallaci, shekara guda kafin gwamnati ta zo mana da takardar tashi daga unguwar. Ni na ruga na kira ungozoma, domin mahaifinka Gasant yana teku. Har yau zan iya jera gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, da masu su, da sunayen jiragensu, da wanda ya mutu a teku da wanda baƙin ciki ya kashe bayan an zube mu a bayan duwatsu. Yara suna cewa na cika surutun da. To su je su tambayi wani, in akwai saura.

Kana ɗan shekara tara ka kwance rediyon jirgin mahaifinka, ka baje kayan cikinta a kan tabarmar salla. Ka sha duka a ranar, ni na karɓe ka. Washegari ka mayar da ita, ta kama tashoshin da ba ta taɓa kamawa ba. Gasant ya tsaya yana kallonka, ya ce mini, “Toyer, wannan yaron ba na ruwa ba ne.” Haka kuwa aka yi. Shekara arba'in kana gyaran wutar motoci, daga baya ka koma aikin sola. Babu tsohuwar da za ta kira ka a kan fitila ta ji ka ce gobe. Na san gidaje uku da ka sa wa wuta a azumin bara ba tare da limami ma ya sani ba, kuma ba zan faɗi sunayensu ba tunda kai ba ka faɗa ba.

Gidanmu tsohuwar bas ce ta makaranta. Shekara ashirin da biyu ke nan da na cire kujerunta, na sa gado da murhu da wurin alwala. An taɓa tashina daga gidan da ba ya motsi, na rantse ba za a ƙara ba. Inda kifi ya nufa nan muke nufa, in ya lafa mu dawo bakin kogi, a filin wani tsohon abokina, nesa da gari, babu turken lantarki ko ɗaya. Faranti guda na sola muke da shi, bai wuce girman dadduma ba, da batir biyu na babbar mota. Suna ba mu fitila da rediyo, ba mu nemi ƙari ba.

Sai huhun Galiema ya gaza. Shekara talatin ta yi a masaƙa tana shaƙar ƙurar auduga. A watan Janairu likita ya ce dole ta zauna da na'urar da ke tace mata iska, bututu a hanci, mafi yawan yini da dukan barcinta. Ya ce mu koma inda akwai wuta, ko a ba ta gado a asibiti. Ɗakin da 'yarmu take da shi a bayan gida danshi ne har bango, kuma wutar can ma ɗaukewa ake yi. Galiema ta kama hannuna a gaban likita ta ce, “Toyer, in aka kwantar da ni a nan, a kwance za a fitar da ni. Mayar da ni bakin ruwa.” Yaranmu da mutanen masallaci suka haɗa ƙarfi aka sayi kaya. Kai kuma ka ce aikin naka ne, kada wanda ya sa hannu.

Ranar da ka fara zuwa, ka ɗaga katifa ka ga wayoyina. Da zaren kamun kifi na ɗaure su, inda fis ya ƙone kuma na lanƙwasa ƙugiya na cusa. Ka ɗago ka kira ni Boeta, wato Yaya, yadda ka saba.

“Boeta Toyer, wa ya yi maka wannan aikin?”

“Ni.”

“To ka ƙara raka'a biyu kullum, ba ƙaramin so Allah yake maka ba. Anti Galiema, shekara nawa kike kwana a kan gobara?”

“Tun da na aure shi,” in ji ta.

Asabar shida ka yi kana zuwa. Ka sauke ɗan farantina, ka jera manya guda shida a kan rufi. Ka fitar da baturana, ka sa sababbi guda biyu a ƙarƙashin gado, irin waɗanda ba a zuba musu ruwa. Ka sa akwatin da ke karɓar wutar rana ya zuba a batir, da wanda ke juya ta ta zama irin wutar gida domin na'urar. Kullum ka zo da soyayyen fanke mai kwakwa da Waseela ta yi, ka ce na Anti ne, rabin kuma ya ƙare a cikinka.

Abin da ba zan manta ba shi ne yadda ka yi da jahilcina. Ka fara manna wa wayoyi 'yan takardu masu rubutu, ka ɗaga kai ka ga ina kallonsu kamar yadda kifi ke kallon wata. Ka ɓare takardun, ka ce in ba ka zare. Wayar da ta sauko daga rufi ka ce in yi mata ƙulli ɗaya. Ta batir ƙulli biyu. Wadda ta tafi wajen na'urar Galiema ƙulli uku, irin ƙullin da ake ɗaure jirgi da shi, wanda ba ya kwancewa. Ba ka zana taswirar aikin a takarda ba, ka ce ba ta da amfani ga mai gidan. A kaina ka rubuta ta. Duk wayar da ka ja sai ka faɗi daga inda ta fito da inda za ta, da ƙarfi, kamar mai karatun allo, kafin ka tafi kuma sai na maimaita maka.

“In za a haɗa?”

“Batir kafin faranti.”

“In za a cire?”

“Faranti kafin batir.”

“Madalla. Da an sa ka a makaranta, Boeta, da mun shiga uku.”

Ka nuna mini 'yan fitilu huɗu a jikin bango. Huɗu a kunne, batir ya ƙoshi. Biyu, in kashe komai ban da na'urar. Ɗaya, in kira ka ko kana cikin salla.

A Asabar ta biyar muka yi faɗa, kuma a kan kifi ne. Tun ina ɗan shekara goma nake shanya bokom, busasshen kifinmu. A jiƙa ƙananan kifin a gishiri, a matse, a zura su a igiya dami-dami, a rataye a inda iska ke kaɗawa. Mahaifina a kan rufin gidanmu yake shanyawa, ni ma a kan rufin mota nake yi, inda kyanwa da dila ba sa kaiwa, ƙuda ma ba ya jure iskar. Sanduna huɗu nake da su a bayan rufin, da igiyoyi a tsakaninsu. Ka ce su sauka.

“Farantan nan a jere suke kamar masu jan taru,” ka ce. “In ɗaya ya saki, duk layin ya yi sanyi. Inuwar dami guda ta isa.”

“Rana a tsakiyar ka take. Ina inuwar?”

“Yanzu Maris ne. Bari Mayu ya zo ka ga inda za ta kwanta. Ga kashin tsuntsaye, ga ruwan gishiri yana ɗiga a kan mahaɗar wayoyi.”

“Kai za ka koya mini rana? Ni da na yi shekara sittin ina dawowa gida da ita?”

“Boeta, kifi ko Anti. Rufin ba zai ɗauki duka biyu ba.”

Wannan maganar ta soke ni. Na hau na tuge sandunan a gabanka, na jefo su ƙasa ɗaya bayan ɗaya, na sauka na kama hanyar bakin kogi. Ban dawo ba sai da na ji tashin motarka. A wannan yinin ne ka ja jar wayar daga injin mota zuwa ƙarƙashin gado, wadda za ta sa in rana ta ɓuya a tayar da inji ya cika batir. Ɗan akwatin da zai shiga tsakaninsu bai iso ba, ka ce sai an kawo daga nesa. Ban ga aikin ranar ba, ban ji karatunsa ba. Mako na gaba ka zo ka ƙarasa saura, ba ka tayar da maganar ba, ni ma girman kai ya hana ni tambaya.

Ƙarshen Afrilu kifi ya shigo kogi irin shigar da na daɗe ban gani ba. Na kama, na jiƙa a gishiri, na tsaya da bokiti a hannu ina kallon rufi. Fitilu huɗu a kunne suke kullum. Na ce yaron nan tsoro ya yi masa yawa. Na mayar da sanduna, na rataye dami goma sha biyu. Na kuma juya motar domin ƙofa ta ba iska baya, ban lura cewa na miƙa wa rana gindin motar ba, daidai inda kifin yake. Galiema tana ciki, ba ta ganin rufi. Ta ji ƙarni ta tambaya, na ce a ƙasa nake shanya.

Fitila huɗu ta koma uku. Na ce gajimare ne. Uku ta koma biyu, na kashe fitilar ɗaki, na kashe rediyo, ban kira ka ba, domin na san tambayar da za ka fara yi.

Ranar Asabar, sha ɗaya ga Mayu, muka wayi gari hazon teku ya rufe ko'ina, ba ka ganin ƙarshen hannunka. Fitila ɗaya. Wajen ƙarfe tara na'urar ta yi wani kuka mai tsini, ta yi shiru. Armien, na ga guguwa a teku, na ga jirgi ya kife da mutane bakwai, ban taɓa jin abin da ya kai shirun nan ban tsoro ba. Wata huɗu muna jin gurnaninta har mun daina ji, sai ga motar tsit, babu abin da ke motsi sai ƙirjin Galiema yana hawa yana sauka kamar na tsuntsun da aka kama. Na jawo 'yar tukunyar iska ta ko-ta-kwana na haɗa mata, har sau biyu bututun yana faɗuwa. Awa uku take yi, ba ta wucewa. Idanuna ba sa tuƙi a hazo. Na kira motar asibiti, aka ce tana wajen wani haɗari a kan babbar hanya, in jira. Sai na kira ka.

“Fitila nawa?”

“Babu ko ɗaya.”

“Sandunan suna ƙasa?”

“Suna ƙasa.”

Galiema, rubuta shi yadda na faɗa. Na ce suna ƙasa.

Na ji numfashinka ya canja a cikin wayar. Ka ce, “To laifin daga aikina ne. Ya Allah. Gani nan.” Awa biyu da rabi ka yi a cikin hazon nan kana zaton hannunka ne yake kashe matar da ta goya ka. Na yi niyyar hawa in sauke kifin kafin ka iso, amma duk lokacin da na juya sai ta riƙe rigata, leɓɓanta sun fara yin shuɗi. Na zauna ina kallon allurar tukunyar tana gangarowa wajen ja. Na karanta duk abin da na haddace, na sake, na sake.

Motarka ba ta iya shiga yashin ba. Daga bakin hanya ka ɗauko cikakken batir ɗin da ka zo da shi daga garejinka, ka rungumo shi a ƙirji, nauyinsa ya kai na buhun siminti. Na ji ka kafin in gan ka, kana haki kana kiran “Anti! Anti!” Ka shiga ka durƙusa, ka bi ƙulli uku da yatsa, ka haɗa. Na'urar ta yi tari, ta kama gurnani. Allurar tukunyar tana kan ja a lokacin.

Sai da launi ya dawo fuskarta ka fita. Hazo ya fara yayewa. Na biyo ka na same ka a tsaye, kanka a sama. Dami goma sha biyu suna lilo, inuwarsu ta kwanta tsawon rufin, farantan kuma fari fat da kashin tsuntsaye. Na jira ka zage ni. Da ka zage ni da na ji sauƙi. Sai ka zauna a kan yashi, gumi yana zuba daga fuskarka a cikin wannan sanyi, kana murza kafaɗarka ta hagu. Ka ce, “Alhamdulillahi. Ashe ba ni ba ne.” Shi ke nan abin da ka ce. Ni na hau na sauke komai, na wanke farantan da ruwan daɗi. Da za ka tafi ka zaɓi dami mafi kyau ka jefa a motarka, ka ce akwatin ya kusa isowa, Asabar mai zuwa za ka haɗa wayar. Kwana uku bayan nan zuciyarka ta tsaya.

Ranar addu'ar bakwai na samu wata mata daga gari ta zauna da Galiema, na bi motar kifi na je gidanka. Bayan an shafa na nemi Waseela, na tsaya a gabanta, hulata a hannu, na faɗa mata duka. Na ce ni na sa ka ɗauki nauyin nan. Ta dube ni da jajayen idanu.

“Boeta Toyer, na sani. Ya shigo gida yana ƙarni kamar kasuwa, ya ba ni labari yana dariya har yana tari. Tun bara likita ya hana shi ɗaukar abin da ya fi butar shayi. Kai ƙarya ɗaya ka yi masa. Ni kullum sai ya yi mini, ya ce yara ne suke ɗauka. Zauna ka ci abinci.”

Ban iya ci ba. Ta shiga gareji ta fito da ɗan akwati shuɗi. Ranar Litinin ya iso, ta ce, a kan teburinka ta same shi. Ka riga ka ɗaura masa zare mai ƙulli huɗu.

Na dawo da akwatin a cinyata. Rediyo tana ta faɗin cewa ruwan farko na damina zai sauka ranar Juma'a, zai yi kwana huɗu ko biyar babu rana. Batir ɗinmu, ko a ƙoshe yake, ba ya wuce yini biyu. Ranar Laraba na je tashar jirage na nemo Dawie Cloete, mai gyaran wutar jiragen kamun kifi, Kirista ne, mutumin kirki, bakinsa dai babu linzami. Ya ɗaga katifa ya ce, “Ina taswira?” Na nuna kaina. Ya ce, “Wayyo ni, gara a ce mini ta faɗa teku.”

Na fara karantowa. Daga rufi zuwa bango, daga bango zuwa gado, ƙulli ɗaya, ƙulli biyu, wane fis ke tsaron wace waya, wace ce ta bi ta bayan murhu. Yana bi da abin awonsa yana gwadawa, ban kuskure ko ɗaya ba. Ya daina tsokana. Da muka iso kan jar wayar sai karatuna ya ƙare.

Ya gwada ta, babu komai a cikinta. Ya tayar da inji, babu komai. Muka fita waje, muka rage murya don kada Galiema ta ji. Ya ce wayar ta shige ƙarƙashin daɓen motar, bai san inda ta bi ba, bai san abin da ka haɗa ta da shi a hanya ba. Ko dai ya ɓalle daɓe da gado ya bi ta, aikin kwana uku, kuma dole a kashe komai. Ko ya ja sabuwa a makance, alhali akwai tsofaffin wayoyina a cikin injin da bai san inda suka nufa ba. Ya ce irin waɗannan batura in suka kama da wuta ruwa ba ya kashe su, kuma a kansu take kwana.

“Tsoho, ka tuna mana. Ka tuna sunan ungozomar da ta mutu shekara hamsin, ka kasa tuna waya ɗaya?”

“Ba na nan.”

“Kana ina?”

“Ina bakin kogi ina fushi.”

Ya ce to shawararsa ɗaya ce, gobe a kai ta asibiti kafin ruwa ya sauka. Na kalli sama. Can ƙasa wajen teku gajimare ya fara jeruwa, siriri, irin wanda ke riga babban ruwa da yini biyu. Na san ba ƙarya rediyo ta yi ba. Na tsaya ina neman kalmomin da zan shiga in faɗa mata da su.

Sai muka ji ana ƙwanƙwasa gilashin taga da cokali.

“Ku shigo nan, ku biyun. Huhu ne ya lalace, ba kunne ba.”

Muka shiga kamar yaran da aka kama. Ta gyara bututun hancinta. Ta ce ranar da na tafi fushi ba ka fasa karatunka ba. Kana kwance a ƙarƙashin gadonta kana jan waya kana faɗa da ƙarfi, da ka ga babu mai amsawa sai ka ce, “Anti, riƙe wa mai taurin kan nan, in ya huce ki ba shi.” Har sau uku ka sa ta maimaita. Ta ce ta jira in tambaya, ban tambaya ba, ita kuma ta ce bari ta ga iyakar girman kan. Daga baya rashin lafiya da rasuwarka suka ɗauke mata hankali, sai yanzu da ta ji muna raɗa.

Ta rufe ido ta karanto, tana tsayawa tana jan iska. Jar waya ta bi ta gefen hagu. Akwai makunni a ɓoye a bayan kujerar direba, ƙarƙashin faifan ƙarfe mai kusa huɗu, an bar shi a kashe da gangan. Kada a kunna shi sai akwati ya zauna. Kafin a kunna kuma, akwai tsohuwar baƙar waya ta Boeta a jikin batir ɗin inji, mai zaren kamun kifi kore, a cire ta tukuna, in ba haka ba wuta za ta bi ta ita ta tsallake akwatin.

Dawie ya kwance faifan, ga makunni. Ya buɗe inji, ga baƙar wayata da koren zarenta. Ya bi ta da hannu har ƙarshe, ya ɗago fuskarsa ta canja. Ya ce da ya ja sabuwar waya ya bar wannan, da kafin inji ya yi zafi hayaƙi ya tashi a ƙarƙashin gado. Ya cire hularsa, ya ce, “Ban san mutumin nan ba, amma Allah Ya ji ƙansa.”

Ranar Alhamis da la'asar ya gama. Muka fito da Galiema muka zaunar da ita a kujera nesa da motar, da 'yar tukunyarta, domin Dawie ya ce ba zai kunna tana ciki ba. Ya ce ni zan murɗa. Na yi bisimilla na tayar da inji, na miƙa hannu bayan kujera. Na daɗe a haka, ina shinshina iska ko zan ji ƙauri. Na murɗa. Babu ƙara, babu hayaƙi. Wata 'yar koriyar fitila ta kama a jikin akwatinka.

Ruwa ya sauka ranar Juma'a kafin azahar, ya yi kwana biyar. Motar tana girgiza da iska, rufi yana ƙara kamar ana zuba tsakuwa, rana ko ƙyallinta ba mu gani ba. Safe da yamma nake tayar da inji, in zauna ina kallon fitilun bango suna hawa daga biyu zuwa uku. Na'urar ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Amma ba zan yi maka wata ƙaryar ba, Armien: tsoron bai tafi ba. Da, in fitila ta ragu, na san akwai lambar da zan kira. Yanzu in inji ya yi jinkirin tashi da daƙiƙa ɗaya sai in juya in duba fitilun bango. Sau goma a yini nake sa hannu a ƙarƙashin gado in ji ko akwai zafi. Saura wata uku kafin rana ta dawo da ƙarfinta.

Ka yafe mini. Ban samu na faɗa maka kana da rai ba, shi ya sa nake faɗa a gaban jama'a, kowa ya ji.

Ya Allah, ga bawanka Armien ɗan Gasant da Moerieda ya zo maka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sauƙaƙa masa tambaya. Nauyin da ya runguma a kan yashi domin wata ta samu numfashi, Ka sa shi a ma'auninsa ranar da ma'auni ke neman nauyi. Ka haɗa shi da iyayensa da mutanen layinmu da suka riga mu, a gidan da ba a tashin kowa.

Ina miƙa ta'aziyyata, ni da Galiema, ga Waseela, da 'ya'yansa Nazeem da Shafieka da Zulfa, da jikokinsa biyar, da ƙanwarsa Jawaya, da jama'ar masallacinsu, da duk wanda fitilarsa ke ci yau saboda hannun wannan bawan Allah. Allah Ya ba ku haƙuri mai kyau, Ya tsaya muku a inda ya saba tsayawa. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

In kun gama yi masa addu'a, ku sa mu a ciki. An ce wani ruwan yana tafe ranar Talata, kuma ya fi na farko.